Saɓani Na Rubuta, Ba Jabu Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Raya Karatu ta Zongo,
Alhaji Hamma Boureima,
Kwatano.

Daga:
Zahida Mounkaïla,
Malamar Faransanci a lakwal ɗin 'yan mata, Vêdoko.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Game da: Sauya kalmomin maƙalata a mujallar ƙungiya ba da sanina ba

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina kai ƙarar editan mujallarmu, Malam Abdulgaffar Labaran, bisa abin da ya ɓata mini suna, ya kuma jawo wa dattijon da ya koyar da ni zargi a wurin mutanensa. Ga yadda abin ya faru:

1. Ranar Talata, 8 ga Afrilu, na miƙa wa edita maƙala mai shafi shida a kan yadda malaman Yahudawa da na Kirista na farko suka ɗauki bambancin da ke tsakanin nassin Ibrananci da fassararsa ta Girkanci. Shekara huɗu ina bin wannan karatu a gidan Mushe (wato Malam) Sévérin Ahouansou da ke unguwar Sainte-Rita, tsohon mai tsaron laburaren coci, wanda ya iya Hausa tun yana aiki a Malanville. Ya buɗe mini kabad ɗin littattafansa, alhali wasu dattawan cocinsu sun gargaɗe shi cewa Musulma ba za ta karanta su don alheri ba. Shi ya tsaya mini.

2. Abin da na rubuta ba ɓoyayye ba ne. Na ce wani masanin Yahudawa na Iskandariya ya ɗauki masu fassarar a matsayin waɗanda aka yi wa ilhama. Na ce wani malamin Kirista ya jera nassoshin kusa da juna, ya sa alamar tauraro ko ɗan layi inda suka bambanta, bai goge ko ɗaya ba. Na kawo labarin Annabi Yunusa, inda Ibrananci ya ba mutanen birni wa'adin kwana arba'in, Girkanci ya ce kwana uku, da yadda wani malami ya ga hikima a duka biyun, wani kuma ya fifita Ibrananci. Ban ɓoye cewa a cikinsu akwai waɗanda suka zargi juna da taɓa nassi ba. Sakin layi ɗaya na ba wannan, don iyakar gurbinsa ke nan.

3. Kalmar da na yi amfani da ita ita ce "saɓani", wadda duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san ba zagi ba ce. Da mujalla ta fito ranar Juma'a, 2 ga Mayu, sai ga shi an mayar da ita "jabu" a wuri goma sha ɗaya. An cire misalin Annabi Yunusa, an ɗauko sakin layin zargi an kai shi farko. Sunana kaɗai aka bari yadda yake, har da hotona.

4. Ranka ya daɗe, wannan sashe ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Idon Mushe Sévérin ya yi rauni, ni nake karanta masa. Ranar Asabar, 3 ga Mayu, na hau zemijan, babur ɗin haya, da mujallar a jaka ban ko buɗe ta ba, don ina so mu fara gani tare. Da bakina na karanta masa cewa littattafan da ya ara mini jabu ne. Sai da na kai layi na uku na tsaya. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni kawai ko a gidansa na koyi haka. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

5. Ranar 5 da ranar 7 ga Mayu na je biron edita, wato ofishinsa. Karon farko aka ce ya tafi Agla, alhali takalminsa na bakin ƙofa. Karo na biyu ya sanar da ni, yana dariya, cewa ya ƙara wa rubutun gishiri ne don mutanen Zongo ba sa karanta abin da ba zafi. Wannan mutum tsakar gida ɗaya muka tashi, yaya nake ce masa. Shi ya roƙe ni maƙalar, kuma ya san wanda ya ba ni littattafan. Cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, ya ba da umarnin a sake buga maƙalar yadda na rubuta ta, tare da bayanin cewa sauyin daga edita ne. Kwafin asali na haɗe da wannan takarda. Ina kuma roƙon ƙungiya ta rubuta wa Mushe Sévérin takardar ban haƙuri mai hatimi, ta naɗa wakili ya kai.

Ba neman a kori kowa nake ba. Gaggawa nake nema, domin dattawan cocin sun kira Mushe Sévérin ranar Lahadi, 18 ga Mayu, ya yi bayanin abin da ya sa ya ba ni amana, kuma ba shi da hujjar da zai riƙe sai maganata. Idan har ranar ƙungiya ba ta tura kowa ba, ina sanar da Shugaba cewa ni zan je in tsaya kusa da shi, kuma ba a matsayin 'yar wannan ƙungiya ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Zahida Mounkaïla
(sa hannu)