Akushin da Aka Ware Mini

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga uwa. Na san ba ki taɓa karanta boko ba, kuma inda kike wasiƙa ba ta zuwa. Amma a Dakoro yau ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Inna, an kawo mana sabon fasto a majami'a, yaro ne, na girmi ubansa. Yana shirin fita wa'azi ranar kasuwa da amsa-kuwwa a kan moto. Ya ce tsoron ranar shari'a ne ke juyo da zuciya, don haka in tsaya gaban jama'a in ba da shaida cewa uwata ta ƙi bishara har ta mutu, kuma ƙofa ta rufe a kanta. Ya ce furfurata za ta sa a saurara.

Na san wannan wa'azin, na fi shi saninsa. Saboda shi na bar aikin mushe, wato koyarwa a makarantar lakwal, na ɗauki hoton hanya biyu, ɗaya mai zuwa wuta, na yi ta yawo da shi daga Sabon Maci zuwa Mai Yara har ƙafafuna suka gaji. Abokan karatuna suka zama manya a Yamai. Ni na tsufa a ɗaki ɗaya, yarana sun watse, waɗanda na yi wa baftisma ko gaisuwa ba sa aikowa. Duk garin da na shiga ina zancen wuta, fuskarki nake gani, shi ya sa muryata take rawa. Mutane suna cewa Ruhun Ubangiji ne.

Kin tuna ranar da na dawo gida na ce na bi Almasihu? Baba ya sa aka ware mini akushi, kada hannuna ya shiga tuwon kowa. Ni ɗan fari ne, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa dubana ido cikin ido gaban mutane ba. Amma da na ci na tashi, kika jawo akushin nan gabanki, a tsakar gida, kowa na kallo, kika cinye saura. Abin da kika ce kawai: “Ba a zubar da hatsi.” Haka kika yi ta yi har shekarun da haƙoranki suka zube.

Ranar jana'izarki ba a ba ni wuri a sahu ba. Daga gindin aduwa na tsaya har aka gama.

Har yau na gaskata akwai shari'a, Inna. Ban san abin da Mai Shari'a ya yanke a kanki ba. Faston ma bai sani ba, bai dai kai shekarun da zai yarda da haka ba. Na aika masa cewa ba ni zuwa. Wataƙila 'yan majami'a su ɗauke mini kujerata ta gaba, su ce tsoho ya yi sanyi. Su ɗauka. Ke kunya ta hana ki kiran sunana a cikin gida, ni ba zan kira naki a tsakiyar kasuwa ba.

Akushin yana nan, ya tsage a gefe. A ciki nake ci, kuma kullum sai na rage.

Ubangiji da ya ga tsakar gidan nan a ranar, ya tuna da abin da ya gani. Ya yi miki jinƙai, ya yi mini. Amin.

Ɗanki na fari.