Waƙar Rumaniya a Bikin Huda

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024
Huda, autata, ta zo daga unguwar Kirkissoye da katin bikinta. Wai da waƙar nan ta Rumaniya za ta shiga fili ran walima, a hannuna kuma. Na ce a'a. Waƙar rabuwa ce: mace na sallamar mijinta, tana ce masa kada ya waiwayo. Don goge da akordiyon suna da zafi, yaran Yamai sun ɗauka ta murna ce.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Yini a fadamar shinkafa ta Saga. Shekarun da na kwashe a Bukares ta Rumaniya ina karatun ban-ruwa, ga inda suka ƙare: korar tsuntsaye. Difilom da kaset ɗaya na waƙar na dawo da su. Kaset ɗin ya fi amfani.

Jumma'a, 8 ga Nuwamba
Bawa, da muka yi karatu tare can, ya zo roƙo a madadin Huda. "Injiniya, a Yamai kaf ni da kai ne muke jin yaren nan, ni kuwa na kurumce." Na ce ko ni kaɗai ne, ba za a raka ƴata ɗakin miji da sallama ba. In an sa ta, ba ni zuwa. Na faɗa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Ban kunna waƙar ba yau. Da gangan.

Talata, 12 ga Nuwamba
Huda ta dawo. Na zauna na fassara mata baiti-baiti don ta tsorata. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Baba, tun ina sakandare, a lise, na san fassarar, a salula." To, don me? Wai bayan uwarta, Halimatou, ta bar gidan, da wannan waƙar nake tashinta kowace safiya, ina dama koko mai gudaji, ina ɗaure mata kallabi a karkace kafin ta tafi karatu lakkwal. "Kai matar da ta tafi kake ji. Ni wanda ya zauna nake ji."
Na ce surutun banza ne. Na fita duba famfo, alhali lafiyarsa lau.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Ina nan kan bakana. Na dai kai babbar riga wurin guga, don ta yi ƙura.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Jiya aka yi bikin. Na je ne saboda waƙar da ke cikin na'urar mai kiɗan ta yi sauri, an lalata ta da ganguna. In dole a sa, a sa ta gaskiya. Na kai tawa, ta kaset ɗin. Huda ta riƙe hannuna, muka shiga.
Halimatou na zaune cikin mata. Ita da ta taɓa jefa mini rediyo a tsakar gida saboda waƙar nan, na ga leɓenta na bin ta, ba kuskure ko ɗaya.
Da aka tashi ta ce, "Harouna, ina gajiya?" Rabon da in amsa mata tun Huda na goye. Na amsa. Har na tambayi ciwon gwiwarta.
Ladabi ne kawai.