Kifin Taubashiya

Bagudo

Zuwa ga taubashiyata Fatiha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigidan da mutanen Segbana? Direba Yero ya kawo mini kifaye biyu da kika sayo a Kwatano. Farare tas, ƙayar bayansu a tsaye, sai sintiri suke kamar 'yan kwastan. Na zuba su a akwatin gilashin da ke kemis ɗina tare da jajayen ƙananan kifayen nan da na raina tun suna ƙwai. Ashe kin san darajar babban mutum. Na gode.

Naki,
Bunyaminu

Segbana

Malam Bunyaminu,

Ina amsa gaisuwa, kowa lafiya lau. Mai kifin ya ce shak ake kiransu da Turanci. Ka riƙa ba su abinci sosai, kada ka raba su da 'yan uwansu. Kyautar taubashiya dai ka san ba a mayarwa, ba a yarwa. In ka leƙa gidanmu ka gai da Inna.

Fatiha

Bagudo

Ke Fatiha,

Gaisuwa a taƙaice. Wace irin masifa kika aiko mini? Kafin kaka kowanne ya kai tsawon dantsena. Yaro ya yi tari a shago, sai su zabura su doki gilashi, har ya tsage ta gefe. Jajayena kuwa kullum na buɗe shago sai in ga sun ragu. Jiya na ga wutsiyar ta ƙarshe a bakin babban. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai ƙara wurin Inna, ta yi dariya ta ce tsakanin taubasai ba ta shiga. Ki gaya mini gaskiya, kin sani ko ba ki sani ba?

Bunyaminu

Segbana

Ranka ya daɗe mai kemis,

Ina gaisuwa, ina kuma jajen rashi. Na sani mana. Sai da na zaga kasuwa ina tambayar wanda ya fi ci.

Ka tuna tantabarun da Baba ya bar mini? Shekarar da ya rasu ka zo yawon Salla da abokanka, kuka yanke su kaf kuka soye. Ina kuka kana suɗe yatsa, ka ce, "Mi na na kuka? Kayan taubashiya halas na." Kowa ya yi dariya, har Inna. Aka hana ni fushi. Ni ma yau na hana ka. Ka huta lafiya.

Fatiha

Bagudo

Fatiha,

Tantabaru dai? Har gobe in na samu sai na ci. Ga shak ɗinki nan Yero zai kawo miki a soye, da yaji. Ban yar ba, ban mayar da su yadda suka zo ba.

Bunyaminu

Segbana

Taubashina,

Saƙo ya iso, mun ci da tuwo. Na ji jajayenka a cikin naman, akwai zaƙi. In ka gyara gilashin ka sanar da ni.

Taka har kullum,
Fatiha