Agogon da Na Zaɓar wa Auta

Zuwa ga Autana,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga uwar da ke kwana da kai a rai. Yaya ƙarfin jiki? Ƙafar ta fara ɗaukarka ba sanda? Kunnen fa, har yanzu yana ƙugin nan? Ka gaishe mini da matarka, Allah ya biya ta jinyar da take yi. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Na koma ga biro ne saboda waya ta zame mana wahala. Ni ina ihu, kai kana "Na'am? Me kika ce, Inna?" har maƙwabta sun haddace abin da ke cikina, kai ba ka ji rabinsa ba. Karatun da na yi da furfura a ajin manya, ga ranarsa ta zo. In ka ga baƙi ya karkace, ka miƙar da shi da idonka.

Jiya kawunka ya zo. Tun ranar da aka ɗauko ka daga bakin ruwa a kan katako, jini na fita ta kunnenka, bai taka gidan nan ba sai jiya. Ya toshe lungu da motarsa, ya shigo yana ƙamshin turare, ya zauna a kujerarka ta bakin taga, ya ce, "Yaya, kin rame." Na ce rashin barci ne, ciwon da ba kowa yake kamawa ba.

Sai ya ajiye ƙananan akwatuna biyu a kan tebur ya buɗe. Agogo ne irin na masu nutso, masu tsadar da bakinsa ya kasa yin shiru a kanta. Ɗaya baƙar fuska da maɗaurin ƙarfe, nauyinsa kamar kwaɗon ƙofa. Ɗayan fuskarsa ruwan lemo, maɗaurinsa roba, wai lambobinsa na haske cikin duhu. Ya ce ya tsaya a kanti ya rasa wanda zai ɗauka, shi ya sa ya saye duka biyun. Kai za ka fara zaɓa, wanda ka bari shi ne nasa. Ranar da ka koma bakin aiki kuma zai ɗaura maka da hannunsa a gaban masu jiragen ruwan da yake wa aikin nutso.

Auta, ba agogo ya kawo ba, ƙugiya ce da tsutsa a bakinta. Tun abin da ya same ka masu jirage ke ja da baya, suna tambayar lafiyar injinsa mai tura wa masu nutso iska. So yake su gan ka ka sake nutsewa da tiyon injin nan a bakinka, su ce ashe ba komai.

Ni ban manta ba. Kana ƙarƙashin jirgi kana kankare farfela injin ya tsaya, ka taso da sauri neman numfashi, jikinka ya ɗauki abin da ya ɗauka. Amma shi ya bi dangi gida-gida yana cewa tsorata ka yi, wai ruwan wurin ko yaron goye zai shiga ya fito. Ƙanena ne, a bayana ya yi wayo, na san shi ciki da bai. Mutumin nan da ya sa ma'aikata suke kiransa Kyaftin bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ko wanka nake masa yana ƙarami, sai unguwa ta ji.

Zai turo maka hotunansu a waya. Don Allah kada ka zaɓi ko ɗaya. Ka ce masa hannunka ya ƙoshi.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ni ce,
Innarka

Autana,

Bayan gaisuwa da addu'ar samun lafiya, takardarka ta iso hannuna ta wurin direban motar kaya. Na ji daɗi da ka ce kana zagaya tsakar gida ba mai riƙe ka. Sauran abin da ka rubuta kuwa, sai da na karanta na sake karantawa, ina fatan karatuna ne ya gaza.

Ka ce likita bai ce a'a ba, ya ce dai a jira a gani. Ka ce nutso kaɗai ka iya, kuma namiji ba ya zama matarsa na ciyar da shi. Ka ce kawu kawu ne, tunda ya sauko ya kamata mu sauko. Sa'an nan ka cika mini rabin shafi da zancen agogo: kai baƙin ya fi kwanta maka domin ya fi jure zurfi, matarka ta ce mai ruwan lemo ya fi sauƙin gani kuma ba zai gajiyar da hannu ba, kun yi ta gardama har kuka ce a bar wa Inna ta raba.

To, ni aka bar wa? Na karɓa.

Da fari kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba. Na tuna yadda kake tsayawa a gaban gilashin kantin agogo tun kana koyon aiki, kana nuna mini su kamar ka ga 'yan'uwanka. Kawunka ma ya san haka, shi ya sa bai kawo maka mota ko kujera ba.

Na haɗu da Dogo, abokin nutsonka, a bakin kantin magani. Yana gaishe ka. Na tambaye shi injin, ya waiga hagu da dama kafin ya ce an yi masa sabon fenti, shuɗi mai kyau. Na ce ciki fa? Ya ce, "Inna, fenti ba ya shiga ciki." Shi ma don bakin 'ya'yansa yake shiga, yana fitowa yana godiya ga Allah.

Daga nan ofishin kawunka na wuce. Rabona da wurin tun kafin ka kwanta. Ya rataye hular kyaftin fara a bango, ga hotunan jirage, ga ɗan lelensa a teburin gefe yana danna kwamfuta cikin sanyin na'ura. Sa'anka ne, amma shi ruwan da ya sani na kwamin wanka ne na otal, inda ya ɗan koyi sa gilashin fuska don a ɗauke shi hoto.

Na ce na zo ganin agogo, Auta ya wakilta ni. Ka ga murna wurin kawunka! Har lemon kwalba ya aika a sayo mini. Na juya su, na auna nauyinsu a tafin hannu, na yi ta tambaya kamar mai sayen gida. Ya nuna mini zoben da ke kewaye da fuskar, mai ƙirga lokacin da aka yi a ruwa, ya ce gefe ɗaya kawai yake juyawa, domin ko ya goce bisa kuskure, sai dai ya sa mai nutso ya fito da wuri, ba dai ya daɗe ba. Yana faɗa yana taƙama, bai ji abin da bakinsa ke cewa ba. Wani can da bai san ka ba ya zauna ya yi tunanin numfashin ɗan wani, kawunka na jini ya saya wa injinsa fenti.

Na tambaye shi, in agogon ya kwana a ruwa zai lalace? Ya yi dariya ya ce ko shekara ya yi. Na ce madalla.

Na gaya masa ban gama shawara ba, zan faɗi zaɓina ranar da masu jirage za su zo duba wurin aiki, in karɓa a madadinka a gabansu tunda kai ba ka iya tafiya tukuna. Ya ce hakan ma ya fi. Kai dai ka ci gaba da shan magani, kada ka tayar da hankalinka.

Taka har kullum,
Innarka

Auta,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki da mai jinya. Na san labari zai riga takardar nan isowa, amma gara ka ji daga hannuna, domin dangi za su ƙara masa gishiri.

Da hantsi aka taru a kan gadar katako inda ƙananan jirage ke tsayawa. Ruwa ya kwanta, garau, har ana hango duwatsun ƙasa. Masu jirage sun zo da takalmansu masu sheƙi. An jera su Dogo cikin sabbin riguna, an ajiye injin a gefe yana ƙyalli. Kawunka ya sa farar hularsa, ya ɗora akwatunan a kan ƙaramin tebur, ya yi jawabi. Wai kai ɗansa ne, wai tsautsayi da ɗan firgici ne suka same ka, wai nan ba da daɗewa ba za ka dawo. Sai ya ce, "Yaya, bismillah, wanne ne na jaruminmu?"

Na ɗauki mai ruwan lemo. Matarka ta yi gaskiya, ya fi sauƙin gani. Na taka zuwa ƙarshen gada, na miƙa hannu, na sake shi.

Ya yi ta sauka yana juyawa, ya je ya kwanta a kan wani dutse, fuskarsa sama. Duk wanda ya leƙa yana ganinsa. Na juyo na ce, "Na Auta ne, ga shi can. Shi dai ka ga ba ya nan. Kyaftin, kai ka ce ruwan nan ko yaron goye zai shiga ya fito. Taimaka wa yayarka."

Ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba, ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Ya ɗaga wa Dogo hannu ya ce ya shiga ya ɗauko. Dogo ya sosa ƙeya ya ce yau da mura ya tashi. Na kusa da shi ya ce shi ma ta kama shi. Ashe mura ta gama da su duka a tsaye. Ɗaya daga masu jiragen, wani mai tumbi, ya ce, "Haba Kyaftin, ga shi nan kusa, nuna wa yara yadda ake yi mana." Gumi ya fara bin gefen farar hula.

A nan ne ɗan lelen kawunka ya kasa jure kunyar ubansa. Ya cire takalmi, ya tayar da injin, ya ɗauki gilashin fuska da tiyo ya nufi matakala.

Auta, yaron nan ni na fara yi masa wanka a duniya. Bakina ya buɗe zai ce kada ka shiga, na sa haƙori na danne leɓe. Da ya sa ƙafa a ruwa da na kira shi, Allah ya sani. Amma na ce bari in ga ko akwai wanda zai riga ni.

An riga ni. Kawunka ya yi wani ihu da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun yana yaro. Ya ruga har hularsa ta faɗi, ya cafki rigar ɗansa da hannu biyu, yana cewa, "Ajiye! Ajiye tiyon nan! Kana hauka ne? Ba da wannan injin ba!"

Masu jirage suka dubi juna. Na ce, "Ashe injin yana tambayar ɗan waye kafin ya tsaya?"

Ya tsaya riƙe da ɗansa, idonsa ya yi ja. Na kalle shi sosai, ban ƙifta ba. Abin da na sha a bakin ƙofar asibiti, ya ɗan lasa da harshe, kuma wallahi na ji sanyi a raina. Ban ce halin kirki ba ne. Na ji sanyi dai.

Masu jirage suka tafi ba sallama, mai tumbin yana magana a waya. Kawunka ya nuna ni da yatsa ya ce daga yau ni da ɗana kada mu sake taka masa wuri, ba shi ba mu. Na ce ya maimaita da ƙarfi, ɗan nawa kunnensa ba ya ji sosai.

Na dawo gida da ƙafata, na ci abinci har na ƙara.

Innarka

Ɗana,

Sallama. Ina fata ka tashi lafiya, ƙafa kuma tana ƙara ƙarfi. Direba ya zo hannu wofi har sau biyu, sai a na ukun ya kawo 'yar takarda daga matarka. Allah ya yi mata albarka, ba ta ɓoye mini komai ba.

Ta ce ka daina taɓa abincin kirki. Ta ce ka ce na toshe maka hanyar abinci, na mai da kai abin labari, na yi amfani da sunanka na rama abin da kai ka riga ka yafe. Ban musa ko ɗaya ba. Kai ka yafe domin jikinka ne. Ni ban yafe ba domin ɗana ne.

Dangi sun yi ta sintiri a gidan nan. Gwaggonka ta zauna tun safe har azahar tana cewa jini ba ya zama ruwa, in je in ba kawunka haƙuri. Wai ya ce in na durƙusa a ofishinsa a gaban ma'aikata zai manta komai, ya karɓe ka aiki, har baƙin agogon ma ya bar maka. Ka ji fa. Yanzu ya fi kowane lokaci bukatar a gan ka a ruwansa. Na ce mata gwiwata na ciwo, ba ta lanƙwasuwa.

Na san ba zan iya ɗaure ka ba. In likita ya sake ka, ka je wani wurin da injinsu ke numfashi, ba ni da abin yi sai in koma rashin barcina, in bi ka da addu'a. Amma ƙofar kawunka na rufe ta, kuma ba zan buɗe ba ko duk dangi sun daina gaishe ni.

Ba sai ka amsa wannan ba. Ka ci abinci don matarka, ba don ni ba. Fushi kuwa ka yi ta yi, wata ko shekara, ina da haƙurin jira. Ka dai yi shi a tudu.

Ni ce wadda ta haife ka,
Innarka