Citta Kafin Rantsuwa

Baban Edna,

Na wuce makaranta. Ban tashe ka ba, na ga 'yan taya murna sun gajiyar da kai.

Jiya da na ce ka shanya cittar nan kada ta ruɓe, ka ce kansila ba ya shanya. To, na tambayi Malam Zakariyya na sakatariya. Ya ce cin zaɓe daban, kama aiki daban. Sai ka je da kanka yau, ka ɗaga Littafi Mai Tsarki, ka yi rantsuwa, ka sa hannu. Kafin nan kai ba Onarabul ba ne, Andrawus ne mijina.

Babbar rigarka tana nan a goge. Na rataye ta a ɗakin ajiya, can bayan buhunan citta. Ka yi haƙuri, ba za ka kai gare ta ba sai ka fitar da su duka. Tunda ka fitar, ai sai ka baza, ga rana ta yi kyau.

Ka hanzarta, ba a jiran wanda ya makara. Ka wanke hannu kafin ka taɓa rigar, fara ce.

Faustina