Ayoyi Biyu Ƙasa da Yatsana

Mama Tabita,

Ki taimake ni don girman Allah. Wata biyar ke nan ban buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ni da a da ko ruwa ba na sha da safe sai na karanta. Ba wanda ya sani, har fastonmu. Ina zuwa sujada da shi a hannu, idan aka ce a buɗe wuri kaza sai in shiga laluben tabarau a jaka har a gama karatun.

Ni haifaffiyar Nguru ce. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kawo shi daga kudancin Borno, a Ngurun kuma ya rasu. Aure ya kawo ni Gashuwa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Maigidana, bari in kira shi Habila ko da yake ba sunansa ba ne, makanikin injin ban-ruwa ne, duk masu noman rani na bakin kogi sun san shi. Mu Kirista ba mu da yawa a garin nan, kowa ya san tukunyar kowa, shi ya sa ba zan sa sunana ba.

Akwai wani abu da na gada wurin kakata. Idan al'amari ya sha mata kai, sai ta yi addu'a, ta rufe ido, ta buɗe Littafin duk inda ya buɗu, ta ɗora yatsa. Inda yatsan ya sauka, nan Ruhu Mai Tsarki ya yi magana. Ita ba ta ma iya karatu ba, ni nake karanta mata. Da haka na tashi, kuma Mama, ba zan ɓoye miki ba, ya sha yi mini daidai. Lokacin da nake tsoron barin 'yata ta tafi makarantar jinya, a kan kada a ji tsoro yatsana ya sauka. Da muka yi shekara ba ma magana da ƙanwar mijina, a kan gafara ya sauka. Labari ya bazu a zumuntar mata, aka fara zuwa gidana ana cewa in buɗe musu. Ina jin daɗin abin, ba ƙarya. Har dariya nake yi wa wata maƙwabciyata don tana zuwa wurin mai bugun ƙasa.

Bara bayan damina ƙafafun Habila suka fara kumbura. Muka ce yawan tsayuwa cikin ruwa ne. Sai fuska ta kama tashi da safe, sai takalminsa ya daina shiga. Duk mazaunin Gashuwa ya san inda irin wannan yake dosa, amma ba mai son a ambaci ƙoda a gidansa. Likita ya yi gwaji, ya rubuta mana takarda, ya ce mu wuce babban asibiti a Nguru cikin makon. Habila ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin rediyo. Tsoron injin wankin ƙoda yake yi, shi da ya ƙare rayuwarsa yana kwance injuna yana ɗaurewa. Ya ce ai shi ya san yadda inji yake tsayawa ba sallama. Sai ya ce in tambayar mana Ubangiji.

Da safe bayan na gama shara na durƙusa, na roƙi Ruhu ya bishe ni, na rufe ido na buɗe. Yatsana ya sauka a wurin da mutanen Allah suke bakin teku, maƙiya na bayansu, aka ce musu kada su firgita, su tsaya kawai za su ga ceto. Mama, kuka na yi don murna. Na ruga na gaya masa Ubangiji ya ce mu tsaya. Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta saki.

Mako bakwai muka tsaya. Na yi azumi, na shafa masa mai, mata suka zo muka yi ta waƙoƙi. Akwai wani Malam Taufiq, manomin tattasai da Habila yake yi wa gyara, sau biyu yana zuwa da motarsa ya ce mu tashi ya kai mu, tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Na yi masa godiya na ce mun riga mun sami amsa. Zuwansa na uku bai nemi izinin kowa ba, don ya tarar Habila yana ta amai, ba ya ma gane mutane. Shi ya ɗauke shi a kafaɗa ya sa a mota. A Nguru likita ya karɓi takardar, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya ɗago ya dube ni. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini wannan kallon sauƙi. Kwana tara muka yi Habila ya cika. A can muka binne shi, kusa da babana.

Bayan mako biyu na koma wurin nan da yatsana ya sauka. Ba karatu ya kai ni ba, faɗa na je yi da Ubangiji, in nuna masa alkawarinsa in tambaye shi ina ceton. Sai idona ya gangara. Ayoyi biyu kacal a ƙasa, Ubangiji da kansa yana cewa kukan ya isa haka, a gaya wa mutanen su tashi su kama hanya. Maganar tana nan tun ranar, a shafi ɗaya, ina jin ma tafin hannuna ne ya rufe ta. Na rufe Littafin, ban sake buɗewa ba.

Ki gaya mini gaskiya, Ruhu ne ya yaudare ni? In kuwa ba shi ba ne, to muryar wa nake ji shekara talatin? Wani lokaci haushinsa nake ji, in ce me zai hana ya ɗan tura yatsan ƙasa kaɗan, ai ba wani aiki ba ne a wurinsa. Wani lokaci kuma in ce ni na kashe mijina da hannuna na dama. Addu'a ma sai in durƙusa in rasa wanda zan kira.

Ga abin da ya sa na rubuto yanzu. Akwai wata ƙanwarmu a zumunta, Afiniki, tana sayar da awara a tasha, 'ya'yanta uku. Fuskarta ta fara tashi, kuma an ba ta irin takardar nan. Talatar da ta wuce ta zo ta zauna a tabarmata ta ce in buɗe mata, ta je Nguru ko ta jira. Ba ta san komai ba. Kowa a majami'a yana cewa Habila lokacinsa ne ya yi. Na ce mata ban gama dawowa daidai ba, ta bari sai ƙarshen wata. In na gaya mata gaskiya, gari zai ɗauka, dangin mijina za su ji, 'yata za ta ji cewa ni na hana a kai babanta asibiti. In na ce zan buɗe, tsoro nake in jefa ta inda na jefa Habila. Yaya zan yi?

Mai Rufaffen Littafi, Gashuwa

Ƙanwata,

Sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na ajiye na sha ruwa.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kina tsammani ba ki ba Afiniki amsa ba, amma kin ba ta. Kin ce ƙarshen wata, ita kuwa abin da ta ji shi ne ta tsaya. Ba ki buɗe Littafi ba, ba ki ɗora yatsa ba, amma takardarta tana can a ninke saboda maganarki. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kin tambaya ko Ruhu ya yaudare ki. A'a. Neman bishewarsa ba laifi ba ne, kuma ba zan ce duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi miki magana ba. Matar da ta sulhunta da ƙanwar mijinta ba daga wurin mugu ta ji umarni ba. Amma rufe ido da ɗora yatsa, ki yi haƙuri, ƙuri'a ce aka sa wa kayan zuwa majami'a. Tsakaninki da maƙwabciyar da kike yi wa dariya, ita ƙasa ake buga mata, ke takarda kike bugawa. Kakarki tana da uzuri, ba ta iya karatu ba, iyakar abin da hannunta ya kai ke nan. Ke kin iya. Ruhun da kike roƙo ba ya bukatar ki rufe idon da ya ba ki. Kuma ki lura, bai yi shiru a gidanki ba. Likita ya rubuta, Malam Taufiq ya zo har sau uku, shafin kansa yana ɗauke da maganar. Hanya ɗaya kawai kika yarda ya bi, shi ya sa sauran ba su shiga kunnenki ba.

Ɗaya gefen kuma, kada ki ɗauki kayan da ba naki kaɗai ba. Habila babban mutum ne, shi ya ninke takardar kafin ki buɗe komai, tsoro ya sa ya nemi inda zai raɓe. Ba zan ce miki mako bakwai ba su yi ɓarna ba, don ban sani ba, kuma za ki gane in na yi miki daɗin baki. Ciwon nan yakan daɗe yana cin mutum kafin ƙafa ta kumbura. Ki koma wurin likitan Nguru ki tambaye shi kai tsaye, abin da zai faɗa zai fi miki sauƙi a kan kallon da kike ta fassarawa. Kin yi kuskure mai nauyi cikin ƙauna. Wannan ba kisa ba ne, kuma akwai gafara dominsa.

Buɗe wa mutane ya ƙare daga yau, duk wadda ta zo ki ce kin daina. Littafin kuwa ki koma masa a hankali, ido biyu. Ki ɗauki sura guda daga farko har ƙarshe, gobe ki ɗora daga inda kika tsaya. Ki riƙa tambaya, wa ake yi wa magana, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. Abin da kike gani an gaya miki, in ya shafi rai ko lafiya ko aure, kada ki aikata sai kin kai wa fasto ko uwar zumunta sun duba tare da ke. In kin durƙusa kin rasa abin faɗi, ki gaya masa haushinsa kike ji, ya saba jin wannan daga bayinsa.

'Yarki ta ji daga bakinki kafin ta ji a gari. Makarantar jinya ta yi, ina kyautata zaton ta daɗe da lissafa makonnin nan, jira take ki fara magana. Dangin miji za su yi surutu, wasu za su daɗe ba su gaishe ki ba. Zai yi zafi, ba zan rage miki ba.

To, mu dawo kan maganar Afiniki. Ranar da kika ga amsar nan, kada ki jira ta zo. Ki same ta a tasha ko a gida, ki gaya mata duka, ba rabi ba, don rabin magana kin san abin da ya jawo miki. Ki ce ta ɗauko takardarta, ki shiga mota tare da ita. Na san hanyar Nguru ita ce hanyar da kika fi ƙi a duniya yanzu, amma kin san ƙofar da ake shiga da layin da ake bi, ita ba ta sani ba. Sunanki zai ɗan zube a majami'a, ki bar shi ya zube. 'Ya'yanta uku uwa suke bukata, ba sunanki ba.

Ubangiji ya ba Afiniki lafiya, ya ba ki ƙarfin ƙafa, ya kai ku da wuri.

Mama Tabita