Takardar da kika rubuta wa Hajiya Zali

Zuwa ga aminiyata Ramatu, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Na rubuto nan ne inda kowa zai gani, don kiran waya ya gagara tsakaninmu: in na buga kina ofis, in kin fito kin gaji.

Kin dai ji labarin hatsarin, amma daga baki ɗaya kika ji. Ranar Lahadi ce, ina dawowa daga Barmu wajen Inna. Na rage gudu kusa da kasuwar dabbobi saboda garken raguna, sai Hajiya Zali mai atamfa ta fito daga kwana ta daki bayan motata. Na fito daga mota. Da na ga ta girme ni, na ce mata ta yi haƙuri, na tambayi lafiyarta, kamar yadda aka yi mana tarbiyya. Masu dabbobi kuma suka matsa a ba su hanya, na janye motar tun 'yan sanda ba su zo sun yi konsta, wato rubuta rahoton hatsarin, ba. Wautata ke nan, na yarda.

Kamfanin asuransi, wato inshora, ya ce ni ce da laifi. Suka gyara motar, amma suka sa na biya kason da ke kan mai laifi daga aljihuna. Kin san albashin malamar lakwal, mu masu koyarwa a makaranta. Hujjarsu takarda ce da Hajiya ta kai musu, da Faransanci mai tsabta, wai na nemi gafara gaban jama'a kuma na kawar da motar don ɓoye shaida. Hajiya ko sunanta da ƙyar take rubutawa. Ita da bakinta ta faɗa a gidan suna cewa ƙawarta ta Yamai ce ta tsara mata, har tana kiran ki Ramatuna.

Ramatuna! Yaushe aka yi haka? Shekara nawa da saninki da ita, biyu? Tun da ta fara kai miki kaya Yamai? Ni da muka zauna benci ɗaya tun muna ƙanana, muka raba cuku guda gida biyu a hanyar gida. Inna takan ce, “Ku biyun nan ko dawo ɗaya anka ba ku sai kun raba.” Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Da na ga hotonku a anko iri ɗaya, sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Ban bar maganar ba. Wata uku ina zarya ofishin kamfanin, har mai gadi ya san sallamata. Na nemo ɗan kabu-kabun da ya ga komai, dattijo ne mai tsoron Allah, ya bar aikinsa ya je ya faɗi gaskiya. Makaniki ya nuna musu inda ƙarfe ya lotsa, ta baya ne. Takardar ƙorafi ni na rubuta ta, da Faransancina na aji uku, ina rubutu ina tuna yadda kike gyara mini a da. Makon jiya suka ce laifin Hajiya ne, suka mayar mini da kuɗina.

Na ɗauka zan yi murna. Sai na zauna a mota na rasa wanda zan fara gaya wa, don ke ce kullum.

Na yi ta nema miki uzuri, ƙawata. Na ce wataƙila ba ki san da wa ta yi karo ba, garin Tawa ai ya yi girma yanzu. Amma a ofis sun nuna mini takardar. Sunana na ciki, cikakke, har da na Baba. Ke kika rubuta shi, ba ki yi kuskure ko ɗaya ba.

Allah ya tsare ki a hanya, ya raya miki zuri'a, ya ba ki masu son ki rabin yadda nake son ki. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ba ta huce ba.

Taki tun kafin kowa,
Balkisa, daga Tawa.